Yadda Dogo Siriri Zai Samu Kayan da Suka Zauna Masa Ɗas a Ƙasar Waje

Wanda ya tashi a Katsina bai san wahalar neman kaya daidai jikinsa ba. Ka shiga Babbar Kasuwa ka yanko yadi ko shadda, ka kai wa tela, ya warware tef daga wuyansa ya zagaya ƙirjinka, ya ja daga kafaɗa zuwa ƙasan gwiwa, ya rubuta a tsohon littafinsa, bayan sati ka dawo ka karɓi abinka. Dogo ne kai ko gajere, ba abin da ya dami kowa, iyaka dai dogo ya ƙara yadi ɗaya. Sai ranar da ka sauka a ƙasar da ba a saba zuwa wurin tela ba, inda kowa ke shiga kanti ya zaro riga ya biya ya fita, a nan za ka gane cewa kayan kanti don matsakaicin mutum aka ɗinka su.

Tsawona santimita 193 ne, wato ƙafa 6 da inci 4, ƙuguna kuma inci 31. Satina na farko a Ingila, da na je karatu, sanyi ya fara shigowa, na shiga wani babban kanti neman rigunan sanyi. Na gwada mai harafin M, ta kama ƙirjina daidai, amma hannun ya tsaya yatsa huɗu kafin tsintsiyar hannuna, in na ɗaga hannu kuma cikina a waje. Na gwada XL, hannun ya ɗan matso, jikin kuma ya yi mini burum kamar buhu. Na sayi XL guda uku da kuɗin da ba ni da kamarsu, na yi hunturu guda iska na shiga ta ƙasan riga tana fita ta wuya. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa da na ga matasanmu na Katsina da Daura suna ta fita Ingila da Turkiyya da Malesiya da Indiya da Masar, wasunsu santala-santala irina, na ga bai kamata su ma su biya kuɗin wannan darasi ba.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne, haruffan nan na S da M da L da XL faɗin mutum suke aunawa. In ka hau daga M zuwa XL, faɗi ne ke ƙaruwa sosai, tsawo kuwa ɗan kaɗan yake motsawa. Kai kuma tsawo kake nema. Saboda haka ka bar bin harafi, ka koma bin lamba. Lambobin nan kuwa a gida ake samo su.

Fara da telanka tun kafin ka tashi

Sati biyu ko uku kafin tafiya, ka je wurin telanka da safe kafin shago ya cika, ka ce so kake ya auna ka a tsanake. Da na koma hutu na je wurin nawa, dattijo ne da ya yi wa mahaifinmu ɗinki, na ce masa, "Baba, awon Turawa nake so a yi mini yau." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ɗana, ai awo awo ne." Gaskiyarsa, tef ɗin ɗaya ne, amma akwai wurare biyu da inda yake ɗora tef ya bambanta da inda kantunan waje ke ɗorawa, kuma su ne suka fi jefa dogo cikin matsala.

Na farko tsawon wando. Telanmu daga ƙugu yake aunawa, ta gefe, har zuwa idon sawu. Su kuwa ta ciki suke aunawa, daga hantsar wando zuwa ƙasa. Ni a littafin Baba tsawon wandona 46 ne, a kantin waje kuma 36. In ka tafi da lambar gefe kaɗai, ba za ta yi maka amfanin komai ba. Na biyu hannun riga. Telanmu daga kan kafaɗa yake farawa zuwa tsintsiyar hannu, haka ma ake yi a Jamus da maƙwabtanta, sai dai su da santimita. A Ingila da Amurka kuwa daga tsakiyar bayan wuya ake ɗora tef, a bi ta kan kafaɗa, a gangara ta gwiwar hannu tana ɗan lanƙwashe, a tsaya a ƙashin tsintsiyar hannu. Nawa inci 27 ne a awon gida, 36 a nasu. Ka sa a yi maka duka biyun.

Sauran duk telanka ya san su: wuya, da yatsa ɗaya a cikin tef don kada kwala ta shaƙe ka, kafaɗa daga wannan ƙashi zuwa wancan ta baya, ƙirji a ƙarƙashin hammata, kana numfashi yadda ka saba ba tare da ka kumbura shi ba, ƙugu a daidai inda kake ɗaura wando, cinya, sai tsawon taguwa daga bayan wuya zuwa inda kake so ta tsaya. Da singileti za ka tsaya, ba da kaftani ba. Kowace lamba ka rubuta ta sau biyu, da inci da santimita, domin Ingila da Amurka inci suke yi, sauran Turai da Turkiyya da Asiya kuma santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ka ɗauki hoton takardar da waya, ka kuma tura wa kanka ta WhatsApp, don takarda ɓata take yi.

Akwai wani awo kuma da na fi amfana da shi fiye da na jikina. Ka ɗauko taguwar da ta fi zauna maka a duk kayanka, ka shimfiɗa ta a kan tabarma, ka ɓalle maɓallanta, ka auna daga hammata zuwa hammata, sannan daga bayan kwala zuwa ƙasa, sannan hannun. Haka wando. Masu sayar da kaya a intanet da yawa awon rigar kanta suke rubutawa, ba na mai sawa ba, to da waɗannan lambobin za ka gwada.

Tun da kana wurin tela, ka ba da ɗinkin wanduna uku ko huɗu na yadi mai ɗan kauri, baƙi da ruwan toka da shuɗi mai duhu, ɗinkin Turawa mai zif da madaurin bel. Ka roƙe shi ya bar kalmasa mai zurfi a ƙafa, kamar inci biyu. Wando ne abin da zai fi ba ka wuya a can, kuma shi ne abin da telanmu ya fi iyawa. Kaftani biyu ko uku da hularka su ma su shiga jaka, don Juma'a da Sallah da ranar da kewar gida ta taso. Kwat kam, kada ka ba wa telan kaftani, komai ƙwarewarsa. Ɗinkinta daban ne, tana da shafi da ciko a kafaɗa da ƙirji, in ba wanda ya koye ta musamman ba, daga nesa ake gane ta. Jaket ɗaya mai kauri kuwa ka nema a gwanjo, nan Katsina ko Ƙofar Wambai in ka shiga Kano, don ka samu abin sauka daga jirgi. Ka sa ta, ka miƙa hannuwanka gaba kamar mai riƙe da kan babur. In tsintsiyar hannunka ta fito, ajiye ta ka ɗauki wata.

Karanta lambar da ke jikin kaya

Wando ya fi sauƙi. A jikin jins da yawancin wandunan Ingila da Amurka za ka ga lambobi biyu, misali W31 L36. Ta farko ƙugu, ta biyu tsawon cikin ƙafa, duka da inci. Abin da ke cika kantuna shi ne tsawon 30 da 32, sai 34 jifa-jifa. Mai 36 yana nan, kamfanoni irin su Levi's suna yin sa, amma da wuya ka same shi a rataye, sai a shafinsu na intanet. Matsalarmu ita ce haɗuwar ƙaramin ƙugu da doguwar ƙafa. Ƙugu 36 da tsawo 36 ya fi sauƙin samu, ƙugu 30 da tsawo 36 kuwa sai an tona. In ka rasa naka, ka ɗauki wanda tsawonsa ya kai ko da ƙugun ya ɗara naka da inci ɗaya ko biyu. Ƙugu ana rage shi, tsawo ba a ƙirƙiro shi.

Taguwa mai kwala, irin ta ofis da zuwa ganawar neman aiki, kada ka saye ta da harafi ko kaɗan. Kantunan da suka san aikinsu da lambar wuya da lambar hannu suke sayarwa, kowacce daban. A Ingila Charles Tyrwhitt haka yake yi: ka zaɓi wuya 15 ko 15 da rabi, ka zaɓi tsawon hannu, sannan ka zaɓi yankan jiki, mai faɗi ko tsukakke. Ka nemi wadda aka rubuta "slim" ko "extra slim". A Jamus lambar wuya da santimita take, 39 ko 40 ko 41, hannun da aka saba yana wajen santimita 64 zuwa 65, amma akwai masu dogon hannu daga 68 zuwa 72, an rubuta musu "extra langer Arm". Ka haddace waɗannan kalmomi uku ko da ba ka jin Jamusanci.

A kan kwat zan ɗan daɗe, don ita ce mai tsada kuma ita ce ake yawan kuskure a kanta. A Ingila da Amurka lambarta faɗin ƙirji ne da inci, sai harafi a gefe: S gajere, R matsakaici, L dogo, wani lokaci XL ga wanda ya zarce. Ka lura, a nan L tsawo yake nufi, ba faɗi ba. Mai ƙirji 38 da tsawo irin nawa 38L zai nema, ko 38XL in an dace. A sauran Turai lambar rabin ƙirji ce da santimita, saboda haka 38 na Ingila shi ne 48, 40 shi ne 50, wato ka ƙara goma kawai. Sannan Jamusawa da mutanen Holand suna da wani jerin lambobi na daban da suka ware wa dogaye sirara, wanda na yi shekara biyu ban san da shi ba: 90, 94, 98, 102, 106. Lamba 94 ita ce 48 mai tsawo, 98 ita ce 50, 102 ita ce 52. Lissafin shi ne ka cire ɗaya daga lambarka ta Turai ka ninka biyu. Ranar da na fara sa 94, hannun ya sauka inda ya kamata, maɓallin ya zo kusa da cibiya maimakon ya maƙale a ƙirji, na tsaya gaban madubi na daɗe ban ce komai ba. Ba abin mamaki ba ne a samu wannan a can, mazan Holand ana lissafa su cikin mafi tsawo a duniya, matsakaicinsu ya kai wajen santimita 183. In karatu ko aiki ya kai ka Jamus ko Holand ko ƙasashen da ke arewa da su, ka yi sayayyarka a nan, ba inda ya fi su.

Akwai wani tarko a kwat da wandonta in an haɗa su ana sayarwa tare. A al'ada tazarar inci shida ake bari tsakanin ƙirji da ƙugu, kwat 38 tana zuwa da wando 32, kwat 40 da wando 34. Siriri kuwa tazararsa ta fi haka. Don haka ka nemi kantin da ke sayar da kwat daban wando daban daga yadi ɗaya, manyan kantunan Ingila da yawa suna yi. A Turkiyya za ka ji masu kanti suna ambaton "drop" 4 da 6 da 8, to kai 8 za ka tambaya, shi ne yankan dogo marar jiki. A Santambul, unguwannin Osmanbey da Laleli cike suke da masu kwat, 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari sun san su sarai. Sai dai yawancinsu sari suke yi, ka tambaya tun daga bakin ƙofa ko suna sayar da ɗai-ɗai.

Suwaita da riga marar kwala da jaket, su ne dole sai da harafi. A nan abin nema shi ne harafin T a gefe, MT ko LT, ko kalmar "Tall". Faɗin na M ne, amma an ƙara wa jiki da hannu tsawo. Kantunan Amurka irin su Gap da Old Navy da Lands' End suna da su, akasari a intanet. ASOS na Ingila yana da sashen dogaye. Akwai kuma waɗanda ba su da wata sana'a sai ɗinka wa dogaye, kamar 2tall a Ingila da American Tall a Amurka da Kanada. Kayansu sun fi tsada, amma suwaita ɗaya da ta kai ta fi uku da suka ɗangale. Ka yi hattara da kantunan da aka rubuta wa "Big and Tall". Sunan ya haɗa ƙato da dogo, amma in ka shiga za ka tarar ƙaton aka fi yi wa tanadi.

Wanda ya nufi Malesiya ko Sin ko Indiya, ya sani lambobin Asiya sun fi na Turai ƙanƙanta, L ɗinsu kan zo kamar M, hannu da ƙafa kuma gajeru. Yawo a kantuna a can ɓata lokaci ne ga mai tsawonmu. Abin da ya sauƙaƙa shi ne teloli suna nan da yawa, musamman a Indiya, kuma ɗinkinsu bai kai tsadar na Turai ba. Ka koma ɗabi'arka ta gida: sayi yadi, kai wa tela, ba shi taguwar da ka zo da ita ya kwaikwaya. Ka fara da guda ɗaya, in ta yi sai ka ƙara.

Alhazai da masu Umara su ma ga tasu. Jallabiyar Saudiyya tana cikin tufafin da suka fi yi wa dogo adalci, domin lambarta tsawo ce da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, 54, 56, 58, 60, 62, sannan harafin faɗi a gefe. Kana iya cewa a ba ka 62 mai faɗin M, a ciro maka a leda. Da yawa daga cikinmu tsarabar jallabiya ake kawo musu ba a tambayi lambarsu ba, ta zo ta tsaya a ƙauri. In wani naka zai tafi, ka rubuta masa lamba da harafin a takarda.

A ɗakin gwaji

Kada ka biya kuɗin abin da ba ka gwada ba, kuma kada ka gwada a tsaye ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Ka je da takalmin da za ka riƙa sa kayan da shi. Fara duba kafaɗa: ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki ya zauna a daidai ƙarshen ƙashin kafaɗarka. In ya zubo kan damtse, rigar ta yi yawa, in ya hau sama, ta yi kaɗan, duka biyun kuma a mayar. Sai ka saki hannuwanka. Hannun taguwa ya rufe ƙashin tsintsiya, na kwat kuma ya tsaya sama da shi kaɗan, yadda bakin taguwar zai leƙo kamar santimita ɗaya. Ƙasan kwat ya rufe mazaunai. Daga nan ka ɗaga hannu sama, ka miƙa gaba, ka zauna a kan kujerar da ke ciki, ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Mu kuma muna da gwajin da ya fi duk waɗannan: ka yi ruku'u, ka durƙusa kamar za ka yi sujada. In taguwar ta zame daga cikin wando bayanka ya fito, ba taka ba ce, don sau biyar za ka yi wannan a kowace rana, wani lokaci a sahun gaba da mutane a bayanka. Wandon da ya tsaya can ƙasa da cibiya shi ke jawo haka. Dogo ya nemi mai zurfin hantsa, wanda ke hawa kusa da cibiya.

Abin da tela zai iya gyarawa a can

Ko a Turai akwai masu gyaran kaya. Sau da yawa a shagunan wanki da guga suke, ko a unguwannin 'yan Pakistan da Turkawa da Larabawa da 'yan Afirka, inda farashi ya fi sauƙi. Ka tambayi 'yan'uwa a masallaci bayan Juma'a, ba za a rasa wanda ya san wani ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce in sayi abin da kafaɗa da tsawonsa suka yi, in bar wa tela faɗi. Ƙugun wando ana rage inci ɗaya zuwa biyu lafiya lau, in ya wuce haka aljihunan baya sai su matso juna su ɓata shi. Taguwar da ta yi buhu a baya, ɗinkin tsukewa biyu ake yi mata daga ƙasan allon kafaɗa zuwa ƙugu, aikin minti kaɗan ne amma yana canza ta gaba ɗaya. Gefen kwat ma ana tsuke shi. Tsawon ƙafar wando kuwa, ka juya bakin ka ga yawan yadin da aka naɗe a ciki, iyakar abin da za a iya saki ke nan. Jins ba shi da komai a ciki. Wandunan kwat masu kyau kuma da yawa ba a kalmashe suke zuwa ba, an bar su da tsawo don a yanke daidai mai saye, waɗannan ka rungume su. Hannun kwat ana iya sakin kamar inci ɗaya, in dai ba a huda ramukan maɓallan hannun ba. Kafaɗa da tsawon jikin kwat, ka ɗauka ba su gyaruwa. Kantuna irin su Suitsupply, wanda asalinsa na Holand ne, suna da tela a cikin shagon, ana kafa wa kayan allurai suna jikinka a nan take.

Ka tambayi kuɗin gyara kafin ka miƙa kaya. A Ingila aikin hannu yana da tsada, rage ƙugu da tsuke ƙafa kan iya kusan kamo kuɗin wando mai araha. Abin da ba na gaggawa ba ka tara shi, in ka zo hutu telanka ya gyara maka duka a yini ɗaya.

Oda ta intanet

Tun da yawancin kayanmu a intanet suke, dole ka iya wannan. Kowane shafi yana da jadawalin awo, ka buɗe shi ka gwada da lambobin da ke wayarka, kada ka dogara da cewa a wani kamfani M kake sawa. Da yawa suna rubuta tsawon mutumin da ke sanye da rigar a hoto da lambar da ya sa. In santimita 185 ne shi kuma rigar da ƙyar ta rufe bel ɗinsa, ka san a jikinka ba za ta kai ba. Karon farko da kowane kamfani, ka yi odar lamba biyu, ka riƙe wadda ta yi ka mayar da ɗayar. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da kaya suka iso ka fasa cinikin da ka yi ta intanet, ba sai ka kawo dalili ba. Wannan bai shafi abin da aka ɗinka musamman da awonka ba, bai kuma shafi abin da ka saya hannu da hannu a kanti ba, shi wannan sai yadda kantin ya tsara. Kada ka cire 'yar takardar da ke rataye a jikin riga, kada ka fesa mata turare, ka adana rasit. Mu masu son turare ne, kuma rigar da ta ɗauki ƙamshi ana iya ƙin karɓarta.

Lokacin rangwame yana taimakawa, ƙarshen Nuwamba da ranar 26 ga Disamba a Ingila, da Janairu, da tsakiyar bazara. Amma lambobinmu kaɗan ake ɗinkawa, su ne ke fara ƙarewa, don haka in ka ga naka a farashin da za ka iya, kada ka jira ya ƙara sauka. In wando ya zauna maka yadda kake so, sayi biyu. Gwanjo ma akwai shi a can, a shagunan ƙungiyoyin agaji da manhajoji irin su Vinted da eBay. Ka rubuta lambarka cak a wurin bincike, 38L ko 94 ko W31 L36, ka kuma roƙi mai kayan ya auna maka hannun da tef kafin ka biya.

Batun kyau kuma, ga ra'ayina. Siriri yakan ɗauka tun da ba shi da jiki sai ya nemi kaya masu ɗamewa. Wando mai kama ƙafa kamar safa ƙara fito da sirantarka yake yi, ka nemi mai miƙaƙƙiyar ƙafa ko wanda ya ɗan tsuke daga gwiwa zuwa ƙasa. Yadi mai kauri da nauyi ya fi kwanciya a jikinmu fiye da mai santsi. Ƙasar sanyi ma wata dama ce: taguwa, a kanta suwaita, a kanta jaket, kowanne yana ƙara maka cika. Ratsin da ya tafi a kwance ko mai gida-gida ya fi ratsin tsaye, kuma ka raba launin sama da na ƙasa, da bel a tsakani. Doguwar rigar sanyi mai kaiwa gwiwa, wadda ke nutsar da gajere, kai ita ce taka. Wanda ya saba da kaftani da babbar riga ya riga ya san yadda ake ɗaukar dogon tufafi da natsuwa. Kaftanin ma ana sa shi a hunturu, in ka sa matsattsun kayan ɗumi na ciki, riga da wando, ka ɗora doguwar rigar sanyin a sama. Na sha zuwa Idi a haka.

Saura wanki, don a nan ake asarar abin da aka sha wuyar samu. A gida igiya da rana muka sani. A can gidajen ɗalibai da shagunan wanki duk da injin busarwa suke aiki, zafinsa kuma yana tsuke auduga, ta tsawo ya fi ci. Hannun da ya kai cif-cif, shiga biyu ko uku ya isa ya hau sama. Ka wanke kayanka a ma'aunin zafi 30, ka sayi ƙarfen shanya na cikin ɗaki mai naɗewa, ka shanya su a kai. Jins ka juya cikinsa waje, in ya fito daga inji da danshi ka kama ƙugu da ƙafa ka ɗan ja shi kafin ka rataye. Suwaitar ulu ba a rataye ta da ruwa a jiki, kafaɗarta za ta zube, a kan tawul ake shimfiɗa ta har ta bushe.